Usta Rabi'u da Sarƙar Hawan Ɗa'ifa

A shekarun da aka gama babban yaƙin Turawa, lokacin da tsofaffin motocin soja suka fara sauka a bakin teku a Jidda, an yi wani direba a unguwar Misfala ta Makka, sunansa Rabi'u. Kakansa ne ya tako daga ƙasar Katsina, ya yi hajji ya zauna, shi kuwa a nan aka yanke masa cibiya. Ba wanda ya naɗa shi usta, wato gwanin masu sana'a. Shi ya naɗa kansa, kuma in ka kira shi Rabi'u gatsau, sai ya yi kamar da bango kake magana. Iyakar tafiyarsa a duniya Jidda ce, sai Madina sau ɗaya. Amma in ya harɗe a gahawar Awwalu, wato rumfarsa ta shan shayi, ya kama labari, sai ka rantse shi ya share hanyar Sham da hannunsa.

Lorin da yake ja ba tasa ba ce. Ta Baffa Dawuda ce, ƙanin mahaifin matarsa Shatu, wani dattijo mai sayar da gawayi da hatsi, mai tsoron Allah da tsoron asara. Wata rana Rabi'u yana share ƙarƙashin motar sai ya ci karo da wani akwatin ƙarfe da tsatsa ta rufe bakinsa. Da ya ɓalle shi, sai ga wasu manyan sarƙoƙi guda biyu masu kama da tsani, da wata tsohuwar rigar soja mai kauri kamar fatar raƙumi.

Unguwa ta taru kallo. Wani ya ce na ɗaure mahaukacin raƙumi ne. Wani ya ce na jirgin ruwa ne. Goggo Baraka, yayar Baffa Dawuda, ta ɗaga ɗaya ta saki, ta ce, "Ko na mene ne, wanda aka ƙera domin shi bai ji daɗin duniya ba."

Rabi'u ya yi murmushi ya ce ya san amfaninsu sarai, amma ba kowane ilimi ake zubarwa a kan titi ba. Washegari da ya kai gawayi Jidda, ya lallaɓa gun wani direba Bashame da ke shan shayi a tasha, ya tambaye shi a asirce. Mutumin ya ce, "A ƙasarmu, in sanyi ya shigo, talji, wato dusar ƙanƙara, kan sauka a kan duwatsu, hanya ta yi santsi. Sai a ɗaura wa tayoyi wannan. In ba ka da ita, askari ba zai bar ka ka hau ba. Amma fa ba a ɗaura ta sai an..."

Bai ji ƙarshen maganar ba. Ya riga ya miƙe, don abin da ya ji ya ishe shi.

Da la'asar sai ga shi a gahawar Awwalu da sarƙa a kafaɗa. Ya zubar da ita tsakiyar jama'a, ta ce ƙwararas.

"Ya jama'a," in ji shi, "wannan ita ce sarƙar ƙanƙara. Lokacin da nake Sham..."

"Yaushe ka je Sham?" in ji Awwalu mai gahawa, yana ɗauraye finjali.

"Kafin ka buɗe wannan rumfar taka. Lokacin da nake Sham, ƙa'ida uku ce ga mai hawan dutse da sanyi. Ta farko, sarƙa a taya. Ta biyu, bargo a jiki. Ta uku, direba wanda ya san hannunsa. Biyun farko ana samu a kasuwa."

"Ta ukun fa?"

Rabi'u ya dafa ƙirji, ya ce a kawo masa shayi.

Da abin ya tsaya nan, da labari ne kawai irin na gahawa. To, sai ga saƙo daga Ɗa'ifa cewa Rumasa'u, 'yar Baffa Dawuda da ke aure can, ta sauka lafiya, haihuwar fari, ɗa namiji. Goggo Baraka ce ta rene ta tun rasuwar uwarta, don haka ta rantse ko a kan jaki ne sai an yi suna tana wurin. Baffa Dawuda ya sayi rago mai ƙaho kamar na barewa, ya aika wa surukai cewa kada su wahalar da kansu, ragon suna daga gare shi zai zo. Abin nema ya samu ga Rabi'u.

"Baffa," ya ce, "Ɗa'ifa a kan me take?"

"A kan dutse."

"Yanzu wane lokaci ne?"

"Sanyi."

"Halas, magana ta ƙare. Dutse da sanyi sun haɗu. Sai sarƙa."

Awwalu, da ya zo yi wa dattijon barka, ya ce, "Baffa, wana yana aikin lambu a Ɗa'ifa tun ina yaro. Sanyi kam akwai, har ruwan randa kan gagari alwala. Wani lokaci ƙanƙarar ruwan sama kan zubo kamar tsakuwa ta narke. Amma wannan da yake faɗa, ba a taɓa gani ba."

"Ƙanƙarar da wanka ya gani ƙanwa ce," in ji Rabi'u. "Inda ƙanwa ke zuwa, yayarta ma tana zuwa. Ban da haka, akwai askarawa a gindin dutse. Duk motar da ba ta da sarƙa, baya suke komar da ita. Ka yi tunani, Baffa: a komo da mu, ga rago a mota, ga surukai sun tara jama'a suna duban hanya."

Wannan ce ta karya dattijo. Ya ga kansa a tsaye a gindin dutse da igiyar rago a hannu, mutanen Ɗa'ifa suna cewa 'yan Makka ba su da alkawari. Ya ce, "Rigakafi ya fi magani. Ɗaura."

Aka sa ranar gwaji. Rabi'u ya shimfiɗa sarƙoƙin a ƙofar gidan Baffa Dawuda, ya kori kowa baya, ya yi bisimilla ya kutsa ƙarƙashin mota. Aka ji ƙarar ƙarfe, aka ji nishi, aka ji wata kalma da ba a faɗa a gaban manya. Can ya ce ya gama. Aka jira ya fito, shiru.

"Usta, lafiya?" in ji Awwalu.

"Ina duba aiki ne."

Ashe ya haɗa gefen rigarsa da ƙugiyar sarƙa ya ɗaure tam. Ya ja, ya murɗa, abu ya ƙi. Daga ƙarshe ya sulale daga cikin rigar kamar maciji mai saɓa, ya fito daga shi sai gyauto, jiki duk baƙin mai. Mata suka kau da kai.

"A Sham ma a tuɓe ake ɗaura ta," in ji shi.

Ya ta da inji, ya haye, ya ba ta wuta. Mota ta yi gaba kaɗan ta tsaya tana gurnani. Ya ƙara wuta. Sai aka ji rugum! A garin lalube, ya maƙala ɗaya ƙugiyar a zoben ƙarfen da ke jikin katanga, inda Baffa Dawuda ke ɗaure jaki. Zoben ya taho, da kusurwar katangar tare da shi. Kajin gidan suka ga hanya ta buɗe, suka fito shan iska.

Baffa Dawuda ya riƙe kai. Rabi'u ya leƙo ta taga ya ce, "Baffa, ka ga ƙarfinta? Katanga ma ta bi ta, balle ƙanƙara."

A gida Shatu ta karɓi abin da ya rage na rigar, ta ɗaga shi a haske, ta kira mijinta da laƙabinsa, ta ce, "Abu Hassan, wannan ɗinki zan yi masa ko tsumman goge tukunya?"

"Ke dai ba ki san sha'anin maza ba."

"Na san katangar baffana tun ina rarrafe. Ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba."

Maganar da ta fi ci masa rai ita ce ta Awwalu, wanda ya riƙa ce wa duk mai shigowa gahawa, "Sarƙar ƙanƙara dai mun ga ta kama riga, ta kama katanga. Ƙanƙarar ce ba mu ga ta kama ba." Rabi'u ya ce to, gani ya kori ji. In ƙanƙara ba ta zo Misfala ba, shi zai kawo ta.

Ya ɗebi buhunan gawayin Baffa Dawuda ya kai masana'antar ƙanƙara, ya yi musaya da su. Ya dawo da manyan sandunan ƙanƙara a lulluɓe da dusar katako, ya jera su a kan gangaren da ya sauko daga tudu ya wuce ta gaban gahawar Awwalu. Hantsi ya riga ya ɗaga. Ya kai mota can saman tudu, ya hau kan marufin inji, ya fara yi wa jama'a bayani.

Da ya taƙaita, wataƙila da ya sami abin takawa. Amma ya faro ne daga ranar da ya fara riƙe sitiyari. Ya bi ta kan wani dutse a Sham da ya ce tsuntsu ma sai ya huta sau biyu kafin ya kai ƙololuwarsa. Ya faɗi yadda gemunsa ya daskare har ya karye. Yana magana, rana tana aikinta. Abin da rana ta rage, unguwa ta taya ta. Masu ga-ruwa suka riƙa ɓantara suna jefawa a garewaninsu. Wata mata ta zo da taɓarya. Goggo Baraka ta sa aka ɗauko mata guda sukutum, ta ce gwiwarta ta daɗe tana neman irin wannan.

Da ya rufe jawabi ya duba ƙasa, babu ƙanƙara ko ta sa wa a ido. Sai taɓo, baƙi ƙirin, gauraye da dusar katako da kashin jakai, yana malala zuwa gindin gangare.

"Usta, a ɗage sai gobe," in ji wani.

"Narkakkiya ma ƙanƙara ce. Ku ba ni hanya!"

Ya saki birki. Sarƙa ta kama taɓo ta shiga rabonsa ga jama'a, ba ta bar babba ba, ba ta bar yaro ba. Liman da ya fito da farar riga ya koma kamar ɗan gawayi. Motar ta sauko rabin gangare da kai, sauran rabin ta sauko shi da gefe, kamar kaguwa. Ta share dogayen kujerun igiya na gahawa, ta tuntsurar da tukunyar shayi, ta tsaya da hancinta cikin rumfa. Awwalu ya tsinci kansa a kan tarin buhunan sukari, da finjali ɗaya a hannu, wanda shi kaɗai ya tsira a cikin finjalai.

Rabi'u ya sauko a natse, ya zaga motar, ya ce, "Kun gani da idonku. Wannan narkakkiya ce ta yi haka, kuma da sarƙa. Ina ga ɗanya, ba sarƙa?"

Abin mamaki, wannan hujja ta shiga kan Baffa Dawuda. Ya dubi rumfar da ta rushe, ya ce lallai ƙanƙara ba abin wasa ba ce, Allah ya sa suna da wanda ya san ta.

Ana gobe suna aka yi shirin tafiya. Aka loda buhun shinkafa, tukwane, tandar masa, da akwatin kayan jariri. Goggo Baraka da Shatu da matan dangi suka hau baya, aka ɗaure rago a tsakiyarsu. Baffa Dawuda ya zauna gaba. Sai ga Rabi'u ya fito cikin rigar sojan nan har idon sawu, ya naɗe kai da wuya da mayafin ulu, ya zura safa a hannuwa.

"Kowa ya rufa da bargo," ya ce. "Ragon ma a lulluɓe shi."

"Tun daga nan?" in ji Shatu. "Ɗa'ifa fa tafiyar yini ce. Ka bari mana sai mun kai gindin dutsen ka ɗaura abin naka."

"Sanyin dutse ba ya sallama. Mai jira sai ya ga kura kafin ya rufe ƙofa, ba ya kwana da akuya."

Aka ɗaura wa rago jan bargo, aka ɗaure a cikinsa. Motar ta tashi.

Mutanen Misfala sun san ƙarar mota, sun san ƙarar maƙera, amma ba su taɓa jin an haɗa su wuri ɗaya ba. Kacau-kacau, ƙwaram-ƙwaram, ƙasa na girgiza, tantabaru suka watse daga kan soraye. Da suka shiga kasuwar Suk Sagir, 'yan kasuwa suka bar ciniki suka fito. Suka ga mutum cikin rigar soja yana tuƙi, suka ji amon sarƙa, suka ga mutane a baya a dunƙule cikin barguna, kai a sunkuye saboda zafi. Nan take labari ya bazu cewa fursunoni ake kaiwa kurkuku.

Wata tsohuwa ta biyo motar tana share hawaye, ta jefa gurasa ciki. "Allah ya fid da ku, bayin Allah! Allah ya sa kaffara ce!"

Gurasar ta faɗa a cinyar Goggo Baraka. Ta yaye bargo ta miƙe. "Ni ce fursuna? Ni Baraka? Suna za ni, ke, suna!"

"Ayya," in ji tsohuwar ga na kusa da ita, "har da mai taɓin hankali a ciki."

A gaba kaɗan suka haɗu da ayarin raƙuma ɗauke da itace. Raƙumin gaba ya tsaya, ya saurara, ya yanke shawarar cewa duk abin da ke tahowa ba alheri ba ne. Ya juya, na bayansa suka bi shi, itace ya watsu a titi, Balaraben da ke jan su ya bi su a guje yana ambaton kakannin direba ɗaya bayan ɗaya.

"Ra... Ra... Rabi'u," in ji Baffa Dawuda, haƙoransa na karo da juna saboda jijjiga, "haka... take... yi?"

"Zama take yi, Baffa. Sabuwar sarƙa sai ta saba da taya."

Gumi na zuba daga ƙarƙashin mayafinsa yana shiga masa ido, safar hannu na zamewa a kan sitiyari, amma ya ƙi cire ko ɗaya. Can wajen Ma'ala wata ƙugiya ta kwance, bakin sarƙa ya sami 'yanci. Duk juyin taya sai ya zabga wa jikin mota bulala, ya kai hannu waje ya ɗauko abin da ya samu. Ya fara da garewanin wani mai ga-ruwa. Ya ƙara da igiyar rumfar mai sayar da wake, rumfar ta biyo su tana kaɗawa kamar tuta. Masu kayan suka biyo kayansu, 'yan kallo suka biyo masu kayan.

"Abu Hassan!" Shatu ta buga rufin gaba da tafin hannu. "Ka tsaya! Rabin kasuwa na bin mu!"

"Rakiya ce," ya ce wa Baffa Dawuda. "Ba kullum suke ganin irin wannan ba."

Da suka kai Ma'abda, bakin gari ta hanyar Ɗa'ifa, sai ga wani yanki na titi da aka shimfiɗa wa sabuwar kwalta, baƙa sumul, ta yi laushi da zafin rana. Rabi'u ya ga wuri mai kyau ya ƙara wuta. Sarƙoƙi suka nutse, suka shiga huɗa. Kunya biyu suka tashi a bayan motar, miƙaƙƙu, waɗanda da manomi ya gani sai ya nemi iri. Ba su yi nisa ba sakakkiyar sarƙar ta naɗe ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ta shaƙe shi. Ƙugiya ta huda taya, ta ce fam! Motar ta karkata, ta yi tari, ta durƙusa a tsakiyar titi kamar taguwar da ta gaji.

Ƙarar fashewar ce ta ishi rago. Ya tsinke igiya, ya tsallake tukwane, ya dira ƙasa da jan bargonsa, ya nufi kasuwar dabbobi da ke gefen hanya, ya shige cikin ɗaruruwan 'yan'uwansa.

"Ragon suna!" Baffa Dawuda ya yi ihu. Dattijon da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba ko a sa'ayi, ya tattare riga ya bi shi.

Jama'a suka kewaye motar. Sai ga askari ya ratso su da sanda a hammata. Ya dubi kwalta, ya dubi taya, ya dubi mutumin da ya sauko yana ɗigar da gumi cikin rigar ulu.

"Kai ne direba?"

"Usta Rabi'u."

"Mene ne wannan a ƙafar motarka?"

"Sarƙar ƙanƙara. Ai kai ya kamata ka fi kowa sani, ya shawish. Ba ku ne ke tsare duk motar da ba ta da ita ba?"

"Mu?" Askari ya waiwaya ya dubi jama'a. "Ina ƙanƙarar?"

"Tana gaba."

"To me ya sa ka nome mana titi a nan?"

"Shiri tun daga gida ake yin sa. Lokacin da nake Sham..."

A cikin taron akwai wani tsoho Babuhare, mutumin Buhara, mai gasa gurasa a bakin hanya, wanda ya baro ƙasarsu tun yana saurayi bai sake komawa ba. Da ya ji an ambaci ƙanƙara, wato talji a bakin Larabawa, sai ya matso, idonsa ya kawo ruwa. Ya kama hannun Rabi'u da safarsa, ya ce, "Ɗana, ka gan shi? Ka ga talji da idonka? Rabona da shi tun gemuna yana baƙi. Gaya mini, don Allah, yadda ka gan shi yana sauka. In ji a bakin wani ko na ji sanyi a raina."

Rabi'u ya gyara tsayuwa. Bai taɓa samun masu sauraro da yawa haka ba.

"Ya ammi, ai abin sai wanda ya gani. Sanduna-sanduna yake saukowa, kowanne kamar tsawon hannuna. Tim! Tim! In ya sami jaki a ka, sai dai a yi wa mai shi jaje. Shi ya sa mutanen Sham ba sa fita sai da tukunya a kai." Ya juya wajen Hausawan da suka biyo shi daga Misfala, ya ƙara da Hausa, "Kuma a lulluɓe yake zuwa da dusar katako, don kada ya narke a hanya. Dalilin da ya sa ake ce masa dusar ƙanƙara ke nan."

Tsohon ya saki hannunsa a hankali. Ya buɗe baki zai yi magana, sai dariya ta riga maganar fitowa. Ya yi ta har ya zauna a ƙasa, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Da tukunya a kai! Ya Rabbi, da tukunya!" Da ya sami numfashi ya ce wa jama'a abin da ya sani yana sauka ne kamar auduga, ko kan jariri ya faɗa ba ya tashinsa daga barci. Awwalu, wanda ya biyo su tun daga unguwa don kada a ba shi labari, ya fassara wa Larabawa zancen dusar katako. Dariya ta tashi daga wannan gefen titi ta koma wancan. Askari ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Taljin Buhara daban, na Sham daban," in ji Rabi'u. Amma ba wanda ya ji shi.

Goggo Baraka ba ta tsaya dariya ba. Ta sauko, ta tsaya tsakiyar hanya ta ɗaga wa wata lori hannu, irin masu kawo kayan lambu daga Ɗa'ifa su koma wayam. Direban na sanye da 'yar riga shara-shara, tayoyinsa tsirara kamar yadda aka ƙera su.

"Ɗana, akwai ƙanƙara a hanyarku?"

"Ƙanƙara, ya hajja? Akwai ƙura dai."

"Askarawa masu duba sarƙa fa?"

"Sarƙar me?"

"Shi ke nan. Ku kwaso tukwane."

Ana cikin sauke kaya sai ga Baffa Dawuda ya dawo yana haki, rawani a warware, yana jan rago. Ya ce da ba don jan bargon ba, da har gobe yana nema, don wani dillali har ya fara yi masa kuɗi. Rabi'u ya yi farat ya ce, "Ka gani, Baffa? Ƙa'ida ta biyu."

Dattijo ya tsaya a gabansa. Ya miƙa hannu kawai, tafi a buɗe. Rabi'u ya dube shi, ya dubi jama'a, ya zaro makullin mota ya ajiye masa. Shatu ta zo wucewa da tandar masa a kai, ta tsaya ta ce a hankali, "Abu Hassan, cire rigar nan kafin ka narke kai ma. Akwai tuwo a rufe a gida." Ta hau. Lorin kayan lambu ta tashi da su. Sun isa Ɗa'ifa rana ba ta faɗi ba, washegari aka yanka rago a kan lokaci, aka raɗa wa yaro suna Yunus.

Shi kuwa Usta, hukuncin da aka yanke masa ba mai tsawo ba ne: abin da ya tona, ya mayar da hannunsa. Aka ba shi shebur, da madaɓi, da garwar kwalta, aka sa askarin nan ya zauna a inuwa yana dubansa. Aka kawo raƙuma suka ja motar zuwa Misfala, sarƙoƙin kuwa sai da maƙeri ya sare su guntu-guntu.

Bayan kwana biyu Awwalu ya ga abin ya isa haka, ya ɗauko butar shayi ya tafi Ma'abda ya duba shi. Ya same shi durƙushe a tsakiyar rana, kwalta har gwiwar hannu, fuska ta yi baƙi, ya tsayar da wani mai jaki yana nuna masa gefen da zai bi.

"Sannu, Rabi'u," in ji Awwalu. "Allah ya kiyaye gaba. Kowa yakan yi kuskure."

Rabi'u ya karɓi finjali, ya kurɓa, ya dube shi da tausayi.

"Wane kuskure? Awwalu, direba nawa ke bin hanyar nan, safe da yamma, shekara da shekaru?"

"Ba su ƙirguwa."

"To a cikinsu duka, wa hukuma ta taɓa damƙa wa titi a hannu, har da askari mai tsaron lafiyarsa?" Ya miƙa masa finjalin, ya ɗauki madaɓi. "Matsa gefe, don Allah. Kana tsaye a kan aikin gwamnati."